Na'inna Mai Ɗan Fari Biyu

Duk zamana a Tambuwal ban ga mace mai kunyar Na'inna ba, kuma ba yabonta nake yi ba. Kunyar tata ta sha ba ni haushi har in ji kamar in kama kafaɗunta in girgiza. Matar ƙanena ce, Namadi tela, mai shago a bakin hanyar Sakkwato. Ni ce Mardiya, yayarsa. Tun da mijina ya rasu na dawo gida ina suyar ƙosai, zana ɗaya ya raba sashena da nasu. Saboda haka babu abin da ya faru a tsakar gidan nan wanda ban ji ba, wanda ban ji ba kuwa na leƙa.

Daga Kebbe aka kawo ta. Mutanenta manoma ne masu shanu, sun daɗe zaune wuri ɗaya har Fillancin ya bar bakinsu, amma kunyar ba ta bar su ba. Shekarar farko ta aurenta ban taɓa ganin bakinta yana tauna ba. In na shigo tana cin tuwo sai ta rufe kwano ta ce ta ƙoshi. In Namadi ya yi sallama sai ta ba ƙofa baya. Sunansa kuwa ba ta taɓa faɗa ba, har wani mai sayar da itace da ake kira Namadi ta laƙaba masa "mai sunan maigida" don kada bakinta ya kuskure.

Sana'arta fura. Kowace safiya kafin rana ta ɗaga za ka ji taɓaryarta, dim, dim, ba gaggawa ba lalaci. Gero, citta, kanumfari, ɗan barkono, ta mulmula ta barbaɗe da gari ta jera a ƙwarya. Yara daga unguwa uku suke zuwa saye, har ma'aikatan ƙaramar hukuma suna aiko masinja. In tana daka tana wani gunguni ƙasa ƙasa, irin na matan Kebbe, wanda ba waƙa ba ne ba kuma magana ba. Wannan gungunin shi ne iyakar surutunta.

Shekara goma sha uku tana gidan ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. An sha rubutu, an jiƙa saiwa, an yi hayaƙi har idonta ya yi ja. Namadi bai taɓa ce mata uffan ba, shi ma ɗin ba gwanin magana ba ne. Yana zaune kan keke yana ɗinka wa 'ya'yan mutane rigunan suna, ya ninke ya miƙa ya ce Allah ya raya. Ita kuma in an yi haihuwa a dangi ita ce ta farko wurin murhu, ita ce ta ƙarshe wurin wanke tukwane. Mutane suna cewa Na'inna akwai zumunci. Ni na san ba zumunci kaɗai ba ne. Bayan gida take nema, inda ba wanda zai miƙo mata jariri ya ce saura ke.

A shekarar da aka yanka Jihar Sakkwato duniya ta buɗe. Ma'aikata suka yi babura, kowa yana son sabon kaftani, Namadi har ba ya samun cin abincin rana. Asibitocin birni suka cika da likitoci baƙi daga ƙasashe. Wata matar malamin makaranta daga Dogon Daji, wadda ta daɗe ba haihuwa, ta zo sayen ƙosai da ciki turtsetse. Na ja ta gefe, ban bar ta ba sai da ta gaya mini cewa wata likita ce mace, Ba'indiya, ta ba ta magani a Sakkwato.

Na samu Namadi a shago na gaya masa. Bai ɗago daga keke ba, kunnuwansa dai suka yi ja.

"Yaya, yi yadda kig gani," in ji shi.

Na san in na ce wa Na'inna asibitin haihuwa za mu, sai dai a ɗauke ta da igiya. Sai na ce dubiya za ta raka ni. Ba ta gane ba sai da muka zauna kan benci, ta duba dama ta duba hagu, ta ga duk mata ne irinta, masu shekaru, ba goyo ba ciki, kowace ta sunkuyar da kai. Ta dube ni sau ɗaya. Ban manta da wannan kallo ba, amma ban tashi ba, na ma danne gefen mayafinta da cinyata.

Abin da aka yi mata a ɗakin gwaji ba ta taɓa faɗa ba. Da aka kira ni na shiga, na tarar da ita a kujera ta rufe fuska ruf. Likitar tana magana da Turanci, wata nas 'yar Zuru tana juyawa. Nas ɗin ta ce mahaifar lafiya lau take, ƙwan ne ba ya saukowa. Ta ce kowace mace tana da ƙwai a cikinta, ƙanana, ido ba ya ganinsu, kuma kowane wata ɗaya ke saukowa. In ya haɗu da irin namiji sai ya gangara ya nemi wuri a bangon mahaifa ya manne. In ya manne, ciki ya shiga ke nan. In bai manne ba jini ya wanke shi, mace ba ta ma san an yi ba.

"Maganin ga shi ka taso da ƙwan," in ji nas. "Amma likita ta ce ku ji da kyau, wani lokaci ba ɗaya shika tasowa da shi ba. Shi kan taso da biyu, har ukku. Ke ɗiyar manoma ta, kin san shukar gero. Hannu ɗaya ka zuba iri, ruwa ɗaya ka faɗi, wani rami tsiro guda, wani biyu tare, wani ko ba komi. In ciki ya shiga ki dawo a duba ki, kuma nan za ki haihu, ba gida ba."

Ni na amsa da to. Na'inna ko motsi ba ta yi ba. Na ɗauka ba ta ji komai ba, ashe kowace kalma ta shige ta. Muna cikin mota, mun wuce rabin hanya, sannan ta matso kunnena.

"Yaya, don Allah kar Innata ta ji."

Ba a karon farko maganin ya yi ba. Sai da muka koma aka ƙara mata, sannan wata safiya na ga ta toshe hanci ta bar tsakar gida don warin daddawa. Na yi guɗa har sai da maƙwabta suka leƙo, ita kuwa ta shige ɗaki ta ƙi fitowa. Ta dinga ɓoye cikin da zani biyu, amma wannan ciki ba na ɓoyo ba ne. Kafin a ce me ya yi gaba, ƙafafunta suka kumbura, tana daka tana hutawa. Sau ɗaya na samu na ja ta awo, likita ta lalluba ta kasa kunne, ta ɗaga yatsu biyu tana murmushi.

Sai ga mahaifiyarta, Inna Tambaya, ta iso daga Kebbe za ta tafi da ita goyon ciki, tunda haihuwar fari a gaban uwa ake yi. Na bi Na'inna ɗaki tana ɗaure kaya.

"Kin manta abin da likita tac ce? Nan za ki haihu, kusa da asibiti."

"Ban manta ba, Yaya."

"To faɗa ma Inna."

"Da wane baki? In dubi Inna in ce an duba cikina an ga biyu? In ce magani nis sha?" Hawaye suka zubo mata. "Gara in mutu bisa hanya."

Haka ta hau babbar mota da wannan ciki, a kan hanyar Kebbe da damina ta cinye. Na yi fushi har na kwana biyu ban gaida Namadi ba, don shi ma ya kasa buɗe baki gaban surukarsa.

Allah ya tsare. Haihuwar ta zo kafin lokaci, kuma an ce ko nishi mai ƙarfi ba ta yi ba, gefen zaninta ta cije har ya huje. Namiji ya fara fitowa. Ungozoma tana yanke cibiya ta ce a dakata, akwai saura. Can sai ga mace. Suna bai zama abin shawara ba: Hassan da Usaina.

A nan abin ya soma. A wurinmu ma uwa tana kunyar ɗan fari, amma ba kamar mutanen Na'inna ba. Su uwa ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa gaban mutane, ba ta yi masa wasa. In yana kuka sai kaka ta ɗauko ta ɗora mata, ita kuma ta kau da kai kamar dole aka yi mata. In jariri ɗaya ne ba abin da zai same shi, nonon duk nasa ne, ko an jima zai sha. Amma su Inna Tambaya ba su taɓa ganin haihuwar fari ta zo da biyu ba, sai suka yanke cewa wanda ya riga fitowa shi ne na fari. Usaina ta zama ɗiyar da aka yarda a so a fili. Gidan jego kuwa ba ya rabo da mata, daga safe har yamma. Duk wadda ta shigo za ta tarar da Usaina a ƙirjin uwarta, Hassan yana kan tabarma yana jiran a tuna da shi, in an ɗora shi kuma ragowa yake samu.

Da na je Kebbe kafin su yi arba'in, na ɗauki Usaina na ji nauyi, na ɗauki Hassan na ji kamar tsumma na ɗauka. Wuyansa kamar sillen kara, kukansa ma ba ya fita. Raina ya ɓaci. Na fito rumfa inda tsofaffin gidan ke zaune, ban ko gama gaisuwa ba.

"Inna, yaron ga yunwa ka kashe shi."

"Muna ba shi madarar shanu," in ji Inna Tambaya. "Ɗan fari na. Haka munka ishe, haka anka yi muna."

"Mu kuma haka munka ishe, ba a bambanta tagwaye. Ko zare kas saya ma ɗaya sai ka saya ma ɗayan. Balle nono?"

Wata tsohuwa ta ce gaskiya ne, tagwaye ba su son bambanci, in suka yi fushi gidan ba ya zama lafiya. Wata ta ce amma ai kunya ba ta faɗuwa don an haifi biyu. Aka yi ta ja, kowa da abin da kakarta ta ce. Da na ga ba za a gama ba, sai na sauke abin da na yi alkawarin ba zan faɗa ba, amma na sauke shi a rufe, ban ambaci magani ba.

"Masu ilmin abin sun ce tagwaye irin waɗanga tare suka kama ciki. Kamar gero na cikin rami guda, hannu ɗaya ka zuba shi, ruwa ɗaya ka tsiro da shi. Wane iri ar riga wani? Fitowa dai ƙofa ta, dole wani shi riga wani. Amma zama, tare sunka zamna. Babu na fari cikinsu."

Tsofaffin suka dubi juna. Na ji daɗin kaina ƙwarai, na ce yau na kwance yarinyar nan. Sai muryar Na'inna ta fito daga bayan asabari, a hankali.

"Yaya, kin tabbata? Tare sunka kama?"

"Tare. Da kunnenki kij ji."

Sannan ta ce, "To ashe dukansu na fari na."

Wallahi da ba don ɗanyen jego ba da na shiga na mare ta. Na kawo hujja don in kwance ta, ta karɓi igiyar ta ƙara ɗaure kanta. Tsofaffin kuwa suka hau gyaɗa kai, wai ga ɗiya mai hankali, ta raba gardama, ba a taka al'adar Kebbe ba, ba a taka ta Tambuwal ba.

Daga ranar ta sauke Usaina daga cinyarta. In da mutane ba ta ɗaukar kowa. In za ta shayar sai ta saki asabari, ta ɗora su tare, ɗaya dama ɗaya hagu. Gaskiya ɗaya zan faɗa, Hassan ya murmure, kafin su dawo Tambuwal kumatunsa sun fito. Amma sunan Usaina, wanda ta ɗan kira na 'yan makonni, shi ma ya bar bakinta. Mace ta yi shekara goma sha uku tana jiran ɗa, aka ba ta biyu, ta wayi gari ba ta da ko ɗaya da za ta kira.

Haka suka tashi. "Kai" da "ke", in ta haɗa su "ku". In za ta yi maganarsu da ni sai ta ce "yaran ga naku", kamar aro ta karɓa. Riga iri ɗaya, kwano iri ɗaya, in ta gutsura fura ta auna da ido kada ta wani ta fi. Ba ta taɓa dukansu ba, ba ta kuma taɓa rungumarsu gaban kowa ba. Ni ce mai ɗauka, ni ce mai kirari, ni suke rugowa wa in sun faɗi, suna Goggo, Goggo, ita kuwa Dada suke ce mata. Ina ganin yadda take bin su da ido ta gefen mayafi in suna kan cinyata, sai in ji kunya ta kama ni ni ma, kamar na ci abincin mai azumi a gabansa.

Maganar magani kuwa ta fita, don matar malamin nan ta gan mu a benci. Aka fara cewa "ɗiyan magani" a bakin rijiya. Na'inna ta daina zuwa biki na wani lokaci. Abin dariya, masu faɗin hakan su ne ke zuwa sayen fura da kansu, su tsaya suna kame-kame, su tambaye ta ina ne wurin. Ba ta iya amsawa, sai ta nuna zanana da haɓa. Mata da dama na kai Sakkwato. Wata ta samu ɗaya, wata ta samu biyu, wasu kuma har yau shiru.

Bayan an yaye su da kamar shekara biyu, wata rana ta shigo sashena ta tsaya tana murza bakin zani. Ita da kanta ta ce in raka ta wurin likita. Na saki baki.

"Ke? Biyun ba su ishe ki ba?"

"Gambo nika so, Yaya," ta ce, tana nufin ɗan da ke bin tagwaye. Idonta yana ƙasa. "Guda dai. Wanda zan kira shi amsa."

Ban taɓa jin ta faɗi abin da ke ranta ƙarara haka ba. Muka je. Aka ba ta maganin, aka sake ba ta, aka kuma. Ba abin da ya kama. Nas 'yar Zuru ta ce magani iyakarsa ya sauko da ƙwai, mannewa ba a hannunsu take ba. Zuwanmu na ƙarshe muka tarar likitar ta koma ƙasarsu, don kuɗin gwamnati ya fara ja baya, baƙi suna ta tafiya. Na'inna ta zauna kan bencin nan na ɗan lokaci, sannan ta tashi ta gyara mayafi ta ce mu tafi kada yaran su ji yunwa. Ba ta sake tada maganar Gambo ba.

Suna da kamar shekara shida abin tasha ya faru. Biki za mu Kebbe, ranar kuma kasuwar Tambuwal ke ci, tasha ta cika maƙil, manyan motoci, buhuna, awaki, masu talla. Na ja Usaina muka je sayen goron tsaraba, na bar Na'inna da Hassan wurin kaya. Ina dawowa na hango mutane sun taru, na kuma ji wata murya da ban sani ba tana ihu. Muryar Na'inna ce. Mayafinta ya zame har kafaɗa, tana gudu tsakanin motoci.

"Kai! Kai yaro! Kai!"

Duk yaron da ke tashar ya waiwayo, ban da nata. Wani ɗan kamasho ya tare ta.

"Baiwar Allah, tsaya. Mi as sunanai? Faɗi mu taya ki kira."

Ina kallonta daga nesa, ina turo mutane. Ta buɗe baki. Ta dubi mazan da suka kewaye ta, ta sake buɗe baki, babu abin da ya fito.

Na cika ƙirji na ƙwala, "Hassan!"

Kira ɗaya. Sai ga shi ya rarrafo daga ƙarƙashin wata babbar mota da aka gama yi wa lodin gero, riƙe da ɗan tsako da ya bi. Direba ya riga ya hau ya tada inji, yaran mota suna cire duwatsun da aka tokare tayoyi da su. Da na tsaya neman canjin goro, da wani labarin nake bayarwa yanzu.

Ɗan kamasho ya yi tsaki. "Wace irin uwa ta wagga, ba ta san sunan ɗanta ba?"

Wani dattijo ya ce a yi mata uzuri, ɗan fari ne. Wasu suka yi dariya, wasu suka ce Allah ya kyauta. Na'inna ba ta taɓa yaron ba. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ɗauki ƙunshin kayanta ta kama hanyar gida, ba a je Kebbe ba. Na biyo ta da yaran ina zazzaga mata masifa tun daga tasha har ƙofar gida, na ce kunyar da za ta sa mota ta taka ɗanka ba kunya ba ce, ciwo ne. Ta shige ɗakinta ta saki asabari.

Da yamma Hassan ya zo ya zauna kusa da kaskona. Ya daɗe yana wasa da tsinke, sannan ya ce, "Goggo, na ji ta tana kira. Na ɗauka wani yaro taka nema." Ya ɗago. "Dada ba ta san sunana ba?"

Usaina tana bayansa, ta ce, "Ni ma ba ta san nau ba."

Mai ya ƙone a kasko ban sani ba. Akwai abin da na sani tun suna goye, wanda, duk da bakina, ban taɓa faɗa wa kowa ba. Gungunin nan na Na'inna wurin daka ya canza tun da ta dawo daga Kebbe. Wata safiya ina tsugune jikin zana ina wanke wake na kasa kunne na gane. Sunayensu take faɗa. Tana daidaita su da saukar taɓarya, yadda ƙarar turmi za ta haɗiye su. Taɓarya ta sauka, Hassan. Ta sake sauka, Usaina. Wanda ke tsakar gida ba zai ji komai ba sai dim, dim. Sai wanda ya manna kunne daidai inda zanan ya ɓule, kusa da turmin.

Washegari da safe, da na ji ta fara daka, na kamo hannuwansu na kai su wurin. Na ɗora yatsa a baki, na durƙusar da su. Ta ba mu baya, taɓarya tana tashi tana sauka. Da farko ba su ji ba. Can sai na ga idon Hassan ya buɗe, ya dubi 'yar'uwarsa, ita ma ta dube shi. Usaina ta matsa don ta ƙara ji, ta taka busasshen kara, ya yi ƙaras.

Dakan ya tsaya. Na ce shi ke nan, na ɓata, yanzu za ta gudu ɗaki, gungunin ma ta daina. Ba ta waiwayo ba, amma na san ta san su wa ke bayan zanan. Ta daɗe tsaye, ina ganin kafaɗunta suna hawa suna sauka. Sannan ta ɗaga taɓarya sama, ta riƙe ta can ba ta sauke ba, ta faɗa a fili, ba turmin da zai rufe mata:

"Hassan. Usaina."

Suka haɗa baki, kamar an koya musu, "Na'am, Dada."

Taɓaryar ta suɓuce ta faɗi gefen turmi. Ta durƙusa a wurin, ta cusa fuska cikin zaninta, bayanta yana girgiza. Yaran suka zagaya suka tsaya kusa da ita, ba su san ko su taɓa ta ba, ita ma ba ta miƙo hannu ba. Daga baya ta tashi ta shige ɗaki ta saki asabari, ranar ba wanda ya sake ganin fuskarta. Ni na ƙarasa dakan, masu saye suka yi ta ƙorafi wai furar yau ba ta Na'inna ba ce.

Washegari ta fito ta ɗauki taɓarya kamar ba abin da ya faru, "kai" da "ke" suka dawo. Har ta koma ga Allah ba ta sake faɗa a fili ba, ko ranar aurensu. Usaina tana aure a Sanyinna, Hassan yana jan mota tsakanin Tambuwal da Sakkwato, furfura ta fara fito masa. Bara ya kawo mini goro, muna hira na tsokane shi, na ce kai dai sau ɗaya tak uwarka ta kira ka a duniya, ya ishe ka? Ya yi dariya, sannan dariyar ta tsaya.

"Goggo," ya ce, "har yau in ina wucewa nij ji ana daka cikin wani gida, sai na waiwaya."